Baƙin Fenti a Kan Alminiyon

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina gyaran lagireton mota a unguwar Kilomita Biyar cikin birnin Bangi, a wata rumfar kwano bayan layin masu sayar da taya. Mutanen nan radiyatar suke cewa, amma mahaifina da ya koya mini aikin lagireto yake cewa, ni ma na riƙe haka. Aikin ba shi da wani sirri. Ka toshe bakunan, ka hura iska, ka tsoma shi cikin rabin duro na ruwa, inda kumfa ya fito nan ne ɓular. Ka kankare wurin, ka liƙe da dalma, ka sake gwadawa. Idan ya bushe ka shafe shi da baƙin fenti. Babu lagireton da ke barin hannun mai gyara ba fenti. Mai mota ma idan bai ga baƙi yana sheƙi ba sai ya ɗauka ba a taɓa komai ba.

Yanzu na bar rumfar. Ido ya yi rauni, hannu yana rawa idan na riƙe ƙarfen dalma. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun ƙarshe na zamana a wurin.

'Yata ta biyu sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce Uwata. Ta dawo gidana da 'ya'yanta mata biyu bayan rasuwar mijinta. Shi mai ɗaukar bidiyon biki ne. Bai bar mata gida ko fili ba, ya bar mata kyamara da babbar kwamfuta, da kuma sanin yadda ake yanka hoto a haɗa shi ya zama fim, don tun yana da rai ita ke yi masa rabin aikin. Da ta fita takaba ta ci gaba. Kasuwa ta buɗe mata fiye da yadda ta buɗe masa, saboda ita mace ce, tana shiga har ɗakin amarya inda namiji ba ya shiga. Daga unguwar Yakite ake kiranta, daga unguwar Miskin ma, Musulmi da Kirista. A lokacin aikina ya ja baya ƙwarai. Lagireton motocin yanzu roba ne da alminiyon, idan ya fashe ba a kawo mini, sabo ake saye. Ba na jin kunyar faɗa yanzu: kwamfutar nan ce take ciyar da gidan, har da ni.

Matsalar kwamfutar zafi ne. Ɗakin rufin kwano ne, wutar lantarki kuma ba ta tambayar mutum lokacin da ya dace da shi. Idan ta zo da tsakar rana, da tsakar rana za a yi aiki. Da ta sa na'urar ta fara fitar da fim sai fankokin ciki su ɗauki kuka kamar babur yana hawan tudu, su yi ta yi, sai ana gab da gamawa ta mutu ɗif. A jira ta huce, a sake daga farko, kafin nan an ɗauke wuta. Ta cire murfin gefe, ta kafa mata fankar tsaye, ta rataya jiƙaƙƙen tawul a taga. Duk da haka iyayen amare suna zuwa ƙofar gida suna tambayar fim ɗin da aka yi musu alkawari tun wancan makon.

Wata rana da hantsi ta sauka daga babur a bakin rumfata, abin da ba ta saba ba. Ta gaishe ni da Sango, yaren garin nan, kamar yadda yaran yanzu suka fi sabawa, sannan ta juya Hausa, na gane roƙo ne ke tafe. Ta miƙo mini wayarta. Hoton cikin wata kwamfuta ne, tiyo ya shiga ya fita, ga ɗan tanki, ga fanka uku a jikin wani abu mai haƙarƙari.

Na ce, "Uwata, wannan ai lagireto ne."

"Shi ya sa na zo wurinka, Baba."

"Ruwa a cikin kayan wuta? Wane mahaukaci ne ya fara wannan?"

"Irin mahaukacin da ya fara zuba ruwa a injin mota. Kai ba da shi ka aurar da mu ba?"

Na yi dariya, ita ma ta yi. Na daɗe ban ji dariyarta haka ba.

Mako uku ta yi tana zaɓen kayan. Ta samu littafin makaranta na babbar 'yarta ta yage tsakiyarsa, kullum bayan la'asar ta zauna kusa da tabarmata tana karanta mini. Akwai ɗan faranti na jan ƙarfe da ake ɗaurawa a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, inda zafin yake fitowa, cikinsa duk ƙananan hanyoyin ruwa ne sirara kamar gashi. Dole ramukan notinsa su yi daidai da mazaunin da ke jikin babban allon cikin kwamfutarta. Sau biyu tana soke wanda ta zaɓa saboda ramukan ba su dace ba. Akwai tiyo, wanda ba faɗin cikinsa kaɗai ake dubawa ba, har kaurin bayansa. Nata milimita goma ne a ciki, sha uku a waje, ta ce idan mahaɗin na sha shida ne zai shiga kamar ya zauna, amma ba zai matse ba. Akwai famfo mai zagaya da ruwan, da tankin da zai hau kansa, da inda za a samo musu wuta. Kowane ɗaya sai ta duba shi da na kusa da shi kafin ta rubuta. Ina saurare ina jin daɗi, kuma a ƙasan zuciyata wani abu yana sukata. Ni da na yi shekara arba'in da ruwa da ƙarfe, ba a tambaye ni komai ba sai dai a karanta mini.

Da ta zo kan lagireto na ce, "Soke wannan."

"Saboda me?"

"A ce 'yar mai gyaran lagireto ta aika har birnin Duwala a sayo mata lagireto? Ina zan sa fuskata a layin nan?"

Na yi mata bayanin abin da nake nufi. Motocin da ake kawowa daga Turai suna zuwa da wani ƙaramin lagireto a ɓoye bayan sitiyari, na ɗumama cikin mota lokacin sanyinsu. A Bangi ba mai neman ɗumi, da ya fara yoyo sai mu cire mu toshe hanyar. Girmansa bai wuce littafi babba ba, kuma ya fi wanda ke cikin hotonta ƙarfi.

Ta ce, "Na yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Farantin jan ƙarfe ne, mahaɗan tagulla ne. Lagireton ma dole ya zama jan ƙarfe. Idan alminiyon ya shiga layin, ruwan zai riƙa cin sa."

"Ni za ki koya wa wannan?"

"Ba koya maka nake ba, Baba. Faɗa nake."

"Jan ƙarfe zalla zan kawo miki, na tsohuwar mota."

Ta ja layi a kan lagireton, ta ba wani ɗan unguwarmu mai zuwa Duwala takardar.

Gaskiya ne ba ita za ta koya mini ba. Sau nawa na zagi direbobi a kan wannan? Inji mai kan alminiyon, lagireto na jan ƙarfe, su cika shi da ruwan rijiya, bayan wata shida su kawo mini shi cike da wani farin abu kamar kunun da ya kwana. Na san shi sarai.

Abin da ban lissafa ba shi ne jan ƙarfe ya ƙare a gari. A shekarun da aka sha wuya, lokacin da mutum ba ya iya fita daga unguwa, duk wanda ke da tsohon lagireto ya kai wa masu sayen ƙarfe a awo ya sayi rogo da kuɗin. Ni ma nawa tarin da ke bayan rumfa haka ya tafi, na manta ne kawai da bakina ya riga ni. Na zaga garejin Yakite, na shiga Miskin wurin mutanen da rabona da su tun kafin rikici, ana ta gaisuwa ana tambayar waɗanda suka mutu. Mako biyar ina yawo da ƙafa. Guda ɗaya na samu na jan ƙarfe, a ƙarƙashin wata motar da ciyawa ta fito ta cikinta. Na tsoma shi a duro, kumfa ya taso ta ko'ina kamar ana dafa shi. Na liƙe wuri tara, na goma ya buɗe. Ƙarfen ya riga ya mutu.

Ana haka kayanta suka iso, bayan mako bakwai a hanya. Ƙaramar Salla ta matso, bayanta kuma bukukuwa ne a jere, ta riga ta karɓi aiki huɗu. Kullum da safe sai ta ce, "Baba, ina nawa?" In ce yana nan tafe.

A kan shiryayyen rumfata akwai wani na alminiyon, sabo fil, ko ɗigo ba ya yi. Na sauke shi na duba, na mayar. Washegari na sake saukewa. Na gaya wa kaina na ɗan lokaci ne, da na samu na jan ƙarfe zan canza. Na wanke shi, na shanya, na shafe shi da fenti hannu biyu, har cikin haƙarƙarin.

Bakinsa ya fi tiyonta faɗi, don haka na kai shi wurin wani abokina mai injin sassaƙa ƙarfe a Yakite, ya yi mini mahaɗi biyu na tagulla masu rage faɗi. Tare muka taso da shi, ba ya raga mini. Ya ɗaga lagireton da yatsa biyu ya ce, "Tsoho, wannan amaryar da ka yi wa lalle, 'yar gidan wa ce?"

"Yi aikinka."

"Alminiyon ne fa. Ka ce kwamfutar yarinyar jan ƙarfe ce."

"Na ɗan lokaci ne."

"Haƙorin da ka ce za ka cire na ɗan lokaci, shekara nawa ke nan? Ita ta sani?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya kunna injinsa. Da zan tafi ya ce, "To ko koren ruwa ka zuba mata, don Allah. Kada ka yi abin direbobi."

Koren ruwa shi ne wanda ake zubawa a lagireton mota, yana da maganin da ke hana ƙarfe biyu cin juna. Shawararsa daidai ce, ni ma da ita na kwana a raina.

Ranar haɗawa ta shimfiɗa farin zane a kan tebur ta jera komai. Ta ɗauki lagireton nawa ta juya shi.

"Ba shi da nauyi."

"Ƙarami ne ai."

"Ba ka ce da dalma za ka liƙa mahaɗan ba? Na ga zobe ka sa."

Dalmar da nake da ita ba ta kama alminiyon, shi ya sa na ɗaure da guntun tiyon mota da zoben matsewa. Na ce mata zobe ya fi sauƙin kwancewa idan ana son wankewa. Ta gyaɗa kai. Na yi masa ƙafafu na ƙarfe ya zauna a saman akwatin kwamfutar, daidai kan ragar da iska ke fita, da fanka biyu a bayansa. Ita ta so a ajiye shi a gefe, na ce sama ya fi samun iska. A nan ma ta bar mini.

Da aka zo zuba ruwa ta fito da ruwan batir, wanda aka tace, da wata 'yar kwalba ta maganin gansakuka. Na yi gyaran murya na ce, "Bari in kawo koren ruwa mu ƙara kaɗan."

"Na me?"

"Yana hana tsatsa."

"Jan ƙarfe da tagulla ne, Baba, wa zai ci wani? Kuma yana sa ruwa kauri, famfon nan ƙarami ne. Sai an haɗa ƙarfe biyu ake buƙatarsa." Ta ɗago tana murmushi, mazurari a hannunta. "Ko akwai alminiyon a ciki ne?"

Da wasa ta faɗa. Da na ce e, da ta yi fushi na kwana biyu, da mun zuba koren ruwa, da na'urar ta kai har a kawo na gaskiya daga Duwala. Galan ɗin koren ruwan yana rumfata, tafiyar minti goma. Amma ba yadda zan nace a kan maganin ba tare da na faɗi cutar ba.

Na ce, "Babu."

Ta zuba. Ta kunna famfon shi kaɗai, ta shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi, ta bar shi yana zagayawa wuni guda. Ko ɗigo babu. Washegari ta kunna kwamfutar da tsakar rana ta sa ta fitar da fim na awa biyu. Ba kuka, ba mutuwa, sai ɗan gurnanin famfo. Ta kama hannuna ta ɗora a kan lagireton in ji ɗumin da yake fitarwa, ta ce, "Singila, Baba," wato na gode. Bukukuwan bayan Salla duk ta gama su a kan lokaci. Na riƙa ba da labari a ƙofar masallaci cewa ni na haɗa wa kwamfuta lagireto. Neman jan ƙarfen kuwa na yi mako biyu ina yi, daga nan na daina. Abu yana aiki.

A wata na uku ruwan tankin ya fara sauya kama. Tankin garau yake, ana ganin ciki, kuma ƙofar ɗakinta tana kallon inda nake alwala. Da farko kamar an ɗiga madara a kofi. Ta kira ni ta nuna mini.

"Baba, wannan fa? Ka tabbata babu wani ƙarfe a layin?"

Na ce sabon tiyo ne yake sakin garinsa, a canza ruwa kawai. Ta canza. Bayan mako uku ya dawo. Na san abin da nake gani. Kullum da safe ina wanke ƙafa ina kallon farin nan yana ƙaruwa, in ce gobe zan yi magana, in ɗauki hulata in tafi rumfar da ba mai zuwa. Na gaji a lokacin, gajiyar da ba ta aiki ba. Har abinci ya daina yi mini daɗi, ta riƙa tambaya ko a kai ni asibiti.

A wata na shida, ranar wata Laraba wajen sha ɗaya na safe, ɓula ta buɗe a ƙasan lagireton, ƙarama kamar bakin allura. Da a gefe yake kamar yadda ta so, da a kan tebur zai zuba. A sama yake, ruwan ya bi ta ragar ya sauka a kan katin hoto, wato ƙaramin allon da ke sarrafa bidiyo, wanda shi ne mafi tsada a cikin na'urar. Ta ce ƙara ɗaya ta ji, sai wari. Katin ya ƙone, babban allon ma ya tafi da shi.

Ina rumfa ban sani ba. Sai ga ta ta sauka daga babur da lagireton a cikin leda, ta ce wa mai babur ya jira. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta iya magana. Ta ajiye shi a kan teburina, ta ɗauki makankarata da ke rataye, ta ja sau ɗaya a gefensa. Fentin ya naɗe, farin ƙarfe ya fito.

Maƙwabcina mai taya ya leƙo zai yi wasa, ya ga fuskarta ya koma.

"Na tambaye ka, Baba."

"Kin tambaya."

"Sau biyu."

"Uwata, na nema ban samu ba. Na zaga ko'ina."

"To ka ce ba ka samu ba mana. Wa zai kama ka?"

Ta mayar da makankarar inda ta ɗauko ta, ta hau babur.

Da yamma bayan la'asar na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zauna a ƙasa kusa da ita, ba a kan kujera ba, na faɗa mata komai: yawon mako biyar, fentin, maganar abokina, koren ruwan da ke rumfa, ƙaryar sabon tiyo. Ban rage ko ɗaya ba. Na ce ta yafe mini. Ba ta daina tsintar ba. Can ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tashi daga ƙasa, Baba, yara suna kallo." Iyakar abin da ta ce ke nan, har yau ba ta ƙara tayar da maganar ba. Abincina bai taɓa makara ba, wankina ma haka.

Ma'ajiyar hotunan ba ta ƙone ba, don haka bikin kowa bai ɓace ba. Amma akwai aiki uku da ba ta gama ba, kuma ba ta da abin sayen wani kati da allo. Ta ɗauki ma'ajiyar ta kai shagon wani mai irin sana'ar a cikin gari, ta roƙe shi aron na'ura ta ƙarasa. Ya ga hannunta ya ce ta zauna ta yi masa aiki. Ta zauna. Kyamarar ma ta koma ƙarƙashin shagon. Fim ɗin da take haɗawa yanzu sunan shagonsa ke fitowa a ƙarshe. Tana fita da sassafe, babur biyu take hawa, ba ta dawowa sai gab da magariba, ƙafafunta a kumbure. Ranar da aiki ya yi yawa 'ya'yanta a wurina suke cin abincin rana, ni da ban iya komai ba sai dafa shayi da soya ƙwai.

Tun da na bar rumfa a ƙofar gida nake wuni. Har yanzu mata suna zuwa nemanta, waɗanda suka ga fim ɗin bikin wata 'yar'uwarsu shekarun baya. Ko makon jiya wata ta zo daga Miskin da 'yarta da za a aurar, ta yi sallama ta ce nan ne gidan mai bidiyo? Na ce nan ne, amma ba ta karɓar aiki a gida yanzu. Ta ce me ya faru, ko ta yi aure ne? Na ce a'a, na'urar ce ta lalace. Na kwatanta mata shagon: ta hau babur zuwa cikin gari, ta sauka a shataletale na biyu, ta bi hannun dama, bene mai shuɗiyar ƙofa. Na ce idan ta je kada ta tsaya a wurin mai shagon, ta ce matar da ke ɗakin baya take so ta yi mata.